Yaya ake koya wa ɗaliban aikin walwalar jama'a hulɗa da al'adar da ba tasu ba?

Wata malama da ta fara koyarwa bara a sashen aikin walwalar jama'a ta rubuto tana cewa: "An ba ni darasin al'ada da aikin walwala. Takardun da na gada jadawali ne kawai, Hausawa kaza, Yarabawa kaza, Ibo kaza, Tibi kaza. Ɗalibai sun haddace, sun ci jarrabawa, amma da suka fita sanin makamar aiki sai ƙorafi ya yi ta zuwa, wai ba su iya magana da mutane ba. Ta ina zan fara gyara?"

Malama, sannu da ƙoƙari. Jadawalin nan na san shi sarai, don ni ma gadarsa na yi, na koyar da shi zango huɗu kafin in gane cewa da hannuna nake ɓata yaran. Ba ƙarya ce matsalarsa ba, yawancin abin da ke ciki akwai ƙanshin gaskiya. Matsalarsa yana ba ɗalibi amsa tun kafin ya yi sallama a ƙofar gida. Wanda bai san komai ba dole ya tambaya. Wanda ya haddace cewa Bahaushe na da kunya, matarsa na kulle, ba ya son asibiti, shi kuwa ya gama sanin mutanen gidan tun yana cikin a-daidaita-sahu. Kuma wane Bahaushen? Hajiyar da ke saro atamfa a Kantin Kwari, ko Bamagujen da ke noma a kudancin Katsina, ko Bahaushe Kirista na Wusasa, ko jikan fatake da aka haifa a Sabo ta Ibadan, wanda Yarabancinsa ya fi Hausarsa? Layi ɗaya ba ya ɗaukarsu. A ƙasa mai harsuna sama da 500, ko da jadawalin gaskiya ne tsantsa, rayuwar ɗalibi ba ta isa ya haddace shi ba.

Ki fara da faɗa musu inda maganar ta samo asali, don su san ba don ado aka sa ta a manhaja ba. A Amurka ta taso, kuma daga ɓarna ta taso. Kafin 1978, alƙaluman da aka gabatar wa majalisar dokokin ƙasar sun nuna cewa kashi 25 zuwa 35 cikin ɗari na 'ya'yan ƙabilun asali na ƙasar an raba su da danginsu, an kai su gidajen reno, makarantun kwana ko gidajen Turawa. Su wa suka yi wannan aiki? Jami'an walwala, da takardun shaidarsu, da kyakkyawar niyyarsu. Jami'a za ta shiga gida ta tarar yaro yana hannun kakarsa ko gwaggonsa, uwar tana wani gari, sai ta rubuta cewa an yi watsi da yaro. Wato abin da mu muke kira riƙo, wanda ban san wani gida a unguwarmu da bai taɓa yinsa ba, shi aka rubuta da sunan sakaci. Sai da aka yi doka ta musamman a 1978 kafin a taka wa abin birki. Idan kika faɗi wannan a aji, za ki ga rabin ɗaliban sun gyara zama, domin da yawansu ba a hannun iyayensu suka tashi ba.

A 1989 wani jami'in walwala ɗan ƙabilar Seneka, ɗaya daga ƙabilun asali na Amurka, mai suna Terry Cross, da abokan aikinsa suka fitar da rahoto ta hannun Jami'ar Georgetown, wanda shi ya yayata kalmar da yanzu ake kira ƙwarewa a kan al'ada. Sun tsara abin hawa-hawa, matakai 6, daga ma'aikatar da ke rusa al'adar mutane da gangan har zuwa wadda ta naƙalci aikin. Ba sai ɗalibai sun haddace duka ba. Mataki na uku kawai nake so ki tsaya a kai, wanda suka kira makanta: mutumin da ke cewa "ni fa kowa ɗaya na ɗauke shi, ba ruwana da ƙabila ko addini." Maganar tana da daɗin ji, kuma mafi yawan ɗalibanmu nagari a nan suke. Amma wanda ya ɗauki kowa ɗaya, da wa yake auna ɗayan? Da kansa. Bayan shekara 9, a 1998, wasu likitocin yara mata biyu a Kalifoniya, Melanie Tervalon da Jann Murray-García, suka ce ita kanta kalmar ƙwarewa tana da haɗari, don tana sa mutum ya ji kamar ya sauke. Suka kawo tawali'u a madadinta: ka riƙa bincikar kanka har ƙarshen aikinka, ka san kai ke riƙe da biro da hatimi, shi kuwa mai buƙata ba shi da ko ɗaya. A Niyu Zilan kuma wata ma'aikaciyar jinya 'yar ƙabilar Mawori, Irihapeti Ramsden, ta ƙara abin da a ganina ya fi duka nauyi. Ta ce wanda aka yi wa aikin ne zai faɗi ko an mutunta shi, ma'aikaci ba ya ba kansa wannan shaida. Tarihin ya isa haka, darasi ɗaya ya ɗauke shi.

Sauran zangon, ki fara da su kansu. Makon farko nakan sa kowane ɗalibi ya zana danginsa zuwa kakanni, sannan ya amsa wasu tambayoyi a gefe. Wa ya riƙe wa? In wani ya kwanta ciwo, wa ke cewa a kai shi asibiti ko a kira malam? In aure ya samu matsala, gidan wa ake fara zuwa? Wace magana ce ba a yi a gidanku ko da kowa ya san da ita? Ba na karɓar takardar, kuma ba na tilasta wa kowa ya karanta tasa, don akwai wanda zanen zai tono masa ciwo. Abin da nake nema shi ne ɗalibi ya ga cewa shi ma wani abu ya ɗauko daga gida, wanda yake kira hankali ko tarbiyya, alhali maƙwabcinsa na benci ya ɗauko wani daban yana kiransa da sunan nan. Laifi tudu ne. Al'ada ma haka take, taka ba ka ganinta don a kanta kake tsaye.

Waɗanda suka fi ba ni wahala a wannan darasi ba ɗaliban kudu ba ne. Ɗan Inugu da aka tura wani ƙauyen Jigawa ya san shi baƙo ne, yana takatsantsan, yana tambaya. Ɗan gida ne abin tsoro, wanda ke jin Hausa, yake salla, don haka yake ganin darasin na wasu ne. Wata ɗalibata haifaffiyar Kano ta taɓa kawo mini rahoton ziyarar gida, ta rubuta cewa uwar ba ta ƙaunar yaron: ba ta ambaton sunansa, ba ta kallonsa, in ya shigo ɗaki sai ta kau da kai. Na tambaye ta, yaro na nawa ne a wurinta? Ta duba takarda ta ce na farko. Sai ta yi shiru, ta rufe baki. Ta sha jin kunyar ɗan fari a baki, amma a gidan ma'aikata ta tashi, inda mahaifiyarta ke kiran yayanta da sunansa gatsau, don haka da ta ga abin da idonta ba ta gane shi ba. Ta ɗauki biro za ta soke layin, na hana ta. Na ce kunya ta bayyana mana halin uwar, amma ba ta amsa tambayar da aka aike ki ba. A tsarin da ya haifi wannan kunya, akwai wanda ke cike gurbin, kaka ko gwaggo ko kishiyar uwa, mai jan yaron a jiki. A gidan nan wa ke yi? Ta koma ta tambaya. Ashe kakar da ke riƙe da shi ta rasu, aka dawo da shi ɗakin uwarsa, kuma babu wanda ya maye gurbin. Yaron na cikin maraici na gaske, sai dai ba ta hanyar da ta fara rubutawa ba. Da ta tsaya a fassararta ta farko, da ta zalunci uwar. Da ta tsaya a "ai al'ada ce", da ta bar yaron.

Su ma littattafan da muke koyarwa da su al'ada ce a cikinsu, ki nuna musu wannan ƙarara. Littafi ya ce ka kalli mutum ido cikin ido, ka gana da shi shi kaɗai, ka bar shi ya yanke wa kansa hukunci, ka shiga magana kai tsaye. Budurwar da ta zuba wa dattijo ido a garinmu sunanta fitsararriya. Matar aure da namiji baƙo ya keɓe da ita a ɗaki ya rufe ƙofa don sirri, ya jawo mata abin da ya fi wanda ya kawo ta. Wanda ka tambaya ya jiki ya ce "da sauƙi", yana iya rasuwa kafin magariba. Kuma "to" ba amincewa ba ce, sau da yawa ma'anarta na ji, ka tashi ka ba ni wuri. Ba ina cewa a zubar da sirri ko 'yancin mutum ba, ginshiƙan aikinmu ne. Ɗalibi ya gane manufar kowace ƙa'ida, sannan ya nemi yadda zai cim mata a inda yake. Sirri na iya samuwa a tsakar gida a ƙarƙashin bishiya, inda kowa na hangenku amma ba mai jin ku. Gaisuwar minti biyar da ɗalibi ke ganin ɓata lokaci ce, a cikinta ake auna shi, a cikinta kuma zai ji wa ke gidan, wa ya yi tafiya, wa ba shi da lafiya. Wanda ya zaro fom kafin a kawo masa ruwa, ya gama aikinsa a gidan.

Daga nan sai tambaya, wadda ita ce ainihin sana'ar. A 1978 wani likitan ƙwaƙwalwa ɗan Amurka, Arthur Kleinman, da abokansa suka ba da shawarar wasu 'yan tambayoyi da likita zai yi don ya ji yadda majinyaci ke fahimtar ciwonsa. Na daɗe ina amfani da su, na juya su yadda suka dace da bakinmu. Me kuke kiran wannan abu a nan? Me kuke ganin ya jawo shi? Me ya sa ya zo a wannan lokaci? Me kuka fi jin tsoro game da shi? Wa kuka fara kai wa, me ya ce, me ya bayar? Me kuke fatan a yi muku? Na ƙara biyu nawa: wa ke da ta cewa a kan wannan magana, kuma wa ya kamata a ce na gaisar tun kafin in zo nan? Haddace su ba wuya. Wuyar tana wajen jin amsa. Ɗalibi zai ji iska ce, sammu ne, kambun baka ne, mayya ce ta kama shi, kishiya ce ta yi mata asiri. A nan fuska ke tona asiri. Ɗan boko zai yi ɗan murmushin nan da kowa ya san ma'anarsa. Ustazu kuma zai gyara murya ya fara wa'azi a kan shirka. Dukansu biyu sun rufe bakin mai magana, kuma ba zai sake buɗewa ba. Don haka nake sa su wasan kwaikwayo a aji, ɗaya uwa, ɗaya jami'i, sauran aji ba abin da suke kallo sai fuskar jami'in da kalmarsa ta farko bayan an ce masa aljanu ne. Muna maimaitawa har sai ya iya cewa "to, ba ni labari, yaushe suka fara taɓa shi?" ba tare da raini ba, ba kuma tare da ya yi kamar ya yarda da abin da bai yarda da shi ba.

Muna da namu misali a nan gida, kuma ya girmi duk rubuce-rubucen Amurkan nan. A 1954 Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya fara wani tsari a Aro, kusa da Abekuta, inda masu taɓin hankali ke zama a gidajen ƙauyukan da ke kewaye da asibiti tare da wani ɗan uwansu, suna zuwa karɓar magani, kuma ya jawo masu maganin gargajiya cikin aikin maimakon ya kore su. Ya gane cewa dangi ba za su daina zuwa wurinsu ba, don haka gara a san juna. Ya kamata kowane ɗalibinmu ya san sunan nan kafin ya san na Turawa.

Yanzu ga ɓangaren da malamai da yawa ke tsallakewa don yana da ƙaya. Idan kika koya wa ɗalibi girmama al'ada kaɗai, kin ba shi uzurin da zai kau da kai daga zalunci. Labarin da nake koyar da wannan da shi na Victoria Climbié ne. Yarinya ce 'yar Kwaddibuwa, iyayenta suka ba wata kakarta ta wajen uba riƙonta, ba wadda ta haifi uban ba, don ta kai ta Turai ta yi karatu. Riƙo dai irin namu, da fata irin namu. Ta rasu a Landan a watan Fabrairun 2000 tana da shekara 8, aka ƙirga raunuka 128 a jikinta. Matar da saurayinta ne suka kashe ta da azaba. Abin da ya girgiza Ingila shi ne yarinyar ba a ɓoye take ba. Jami'an walwala sun san da ita, 'yan sanda sun sani, an kwantar da ita a asibitoci biyu. Kwamitin bincike na Lord Laming, wanda ya fitar da rahoto a 2003, ya lissafa damammaki aƙalla 12 da aka samu na ceto ta aka bari suka wuce. A cikin abin da ya fito, an ga yarinyar tana miƙewa ƙyam kamar soja a gaban matar, sai jami'ar da ke kula da ita ta fassara hakan da ladabi da biyayya irin na iyalan baƙar fata 'yan Karebiyan. Tabon da ke jikinta kuma wasu likitoci suka ɗauka ai yaran da suka tashi a Afirka sun fi na Turai yawan tabo. Ki lura da abu biyu. Jami'ar ita ma baƙar fata ce, kamannin bai ba ta sani ba. Sannan yarinyar ba 'yar Karebiyan ba ce ma, 'yar Afirka ta Yamma ce mai jin Faransanci. Jadawali ne ya yi aiki a nan, irin wanda ke cikin takardunki, aka ga tsoro aka karanta shi ladabi.

Bayan wannan labari sai in dawo da su gida, don kada su ce abin Turai ne. A 2019 'yan sanda sun fasa gidajen mari a Kaduna da Katsina, suka fito da ɗaruruwan mutane, wasu da sarƙa a ƙafa, kuma iyaye ne suka kai da yawansu da hannunsu don neman gyara. Akwai yankan gishiri, akwai cire beli da aska ɗaya, akwai auren dole. Akwai kuma waɗanda ba mugunta a cikinsu ko kaɗan, kamar jego. Tun shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya suka rubuta yawan ciwon zuciya da ke kama mata bayan haihuwa a yankin, suka danganta shi da yawan kunun kanwa, da wanka da ruwa mai tsananin zafi, da kwanciya a gadon ƙasa da ake hura wuta a ƙarƙashinsa. Tsohuwar da ke yi wa 'yarta wannan, ƙauna ce ta sa ta tashi da asuba tana hura wuta. Jami'in da ya ce mata jahilci ne ya yi asarar ta. Wanda ya ce a ci gaba da wanka da hutu da gata na kwana arba'in, a rage zafin ruwa, a janye kanwa saboda kumburin ƙafar nan, yana iya samun kanta.

Abin da nake ba ɗalibai su riƙe idan an ce musu "al'adarmu ce" tambayoyi ne kuma. Akwai wanda ke cutuwa a jikinsa ko a ransa? Wa ke faɗin cewa al'ada ce, wa ke cin moriyarta, wa ya yi shiru a ɗakin? Sannan, a cikin mutanen nan da addininsu, babu wata murya da ke cewa a'a? Kusan kullum akwai. Uban da ke shirin aurar da 'yarsa dole ba zai saurari yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ba, amma zai yi wuya ya toshe kunne idan limamin unguwarsu ya karanto masa hadisin Khansa'u bint Khidam da ke cikin Bukhari, wadda mahaifinta ya aurar ba da sonta ba, Annabi (SAW) ya warware auren. Wannan yana nufin ɗalibi, Musulmi ne ko Kirista, sai ya san wani abu na fiƙihun iyali in zai yi aiki a Arewa. Ya san cewa a mazhabar Malikiyya renon yaro bayan rabuwa na uwa ne, in ta faɗi sai kaka ta wajen uwa, ko da yake a aikace sau da yawa uba ke ƙwace yara da an yaye su, mutane kuma su ɗauka addini ne ya ce. Ya san cewa Musulunci bai yarda a jingina yaro ga wanda ba ubansa ba, amma ya kwaɗaitar da ɗaukar nauyin maraya, kuma ita kanta yarjejeniyar haƙƙin yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989 ta ambaci wannan da sunansa na kafala. Ya san Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 da sigar da jiharsa ta zartar. Haka shi ma ɗalibi Musulmi da aka tura kudancin Kaduna ko Filato, ya san cewa in yana neman matan gari, ta Zumuntar Mata zai bi, ya kuma san matsayin fasto da dattawan ikilisiya a rikicin aure.

Wani abu kuma da ake yawan laƙaba wa al'ada alhali tarihi ne, shi ne rashin yarda da hukuma. Lokacin da aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano daga 2003 zuwa tsakiyar 2004, duniya ta ce jahilci da addini. Amma mutanen Kano ba su manta 1996 ba, shekarar annobar sanƙarau, da kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a binciken da ya haɗa yara kusan 200, yara 11 suka rasu, aka shafe shekaru ana shari'a. Sun kuma ga cewa asibitin da ba shi da maganin zazzaɓi shi ke bin su gida-gida da ɗigon baki kyauta. Tambayar da suka yi, ta me ya sa aka damu da wannan ɗigo haka, tambayar mai hankali ce, ko da amsar da suka ba kansu kuskure ce da ta jawo wa yara da yawa nakasa. Abin bai daidaita ba sai da aka sa sarakuna da malamai a gaba, har aka kai ga shelar kawar da asalin ƙwayar cutar daga Afirka a 2020. Ɗalibin da aka rufe wa ƙofa ya fara tambayar kansa, wa ya zo gidan nan kafin ni da irin rigata, me ya yi musu?

Maganar tafinta ki ba ta darasi guda. Mu Hausawa mun saba ɗauka kowa a Arewa yana jin Hausa. A sansanonin 'yan gudun hijira na Barno akwai mata da yawa, Barebari da Shuwa da mutanen duwatsun Gwoza, waɗanda Hausarsu ta ciniki ce, ba ta isa su faɗi abin da aka yi musu ba. Kada yaro ya yi wa uwarsa tafinta. Kada miji ya yi wa matarsa a maganar da shi ake tuhuma. Rahoton Laming ma sai da ya sa wannan cikin shawarwarinsa, cewa yaron da Turanci ba harshensa ba ne a nemo masa tafinta.

Ki kuma rage yawan maganarki a aji, ki kawo masu abin. Na taɓa gayyato ungozoma, da mai unguwa, da alaramma mai almajirai, da sarkin makafi, kowa da ranarsa. Sharaɗina biyu ne: a ba su kujerar malami da kuɗin mota da ladan lokacinsu kamar kowane baƙon malami, kuma tambayar da za a fara yi musu ita ce, me jami'an gwamnati ke yi da ke ɓata muku rai? Abin da sarkin makafi ya faɗa a awa ɗaya, a kan masu zuwa su yi magana da ɗan jagora su bar shi tsaye kamar ba ya wurin, ban taɓa karanta shi a littafi ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Saura jarrabawa, kuma a nan gyaran zai tsaya ko ya rushe, don ɗalibi abin da ake ba maki yake koya. In kin ci gaba da tambayar "kawo al'adun Fulani guda biyar", duk abin da na faɗa a sama ya tafi a banza. Nazarce-nazarcen da aka yi a fannin lafiya sun nuna irin wannan horo yana ƙara wa ma'aikaci sani, amma hujjar cewa yana canza abin da majinyaci ke samu ba ta da ƙarfi, kuma ina zargin dalilin ke nan, ana auna abin da ke kan takarda. Ni abin da nake yi, kowane ɗalibi zai kawo rahoton ziyara ɗaya a shafi mai gida uku: abin da na gani ko na ji da kunnena, abin da na fassara shi da shi, da abin da na tambaya don in tabbatar. Gida na uku ya fi maki. Wanda ya rubuta "na zaci kaza, na tambaya, ashe ba haka ba ne" ya fi wanda duk zatonsa ya yi daidai, domin na biyun ko dai bai tambaya ba ko ya gyara labarin. Na kan kuma roƙi mai duba su a wurin aiki ya tambayi iyali biyu ko uku, bayan ɗalibin ya tafi, ko za su so ya dawo. Na san aji mai mutum 200 ba ya barin malami ya yi duk wannan yadda yake so. Ki raba su rukuni-rukuni, ki haɗa wanda ya tashi a birni da na ƙauye, Musulmi da Kirista, su riƙa duba rahoton juna kafin ya iso teburinki. Rabin kurakuran a can za a kama su.

Jadawalin kuwa kada ki yar. Ki raba musu shi a makon farko ba tare da kin ce komai ba, ki ce kowa ya nemo layin ƙabilarsa ya gyara abin da bai yi daidai da gidansu ba. Ki ba su minti 20. Ranar da na fara gwada haka, Tibi biyu suka kusa faɗa a kan layi ɗaya, wata Bafulatana ta soke nata gaba ɗaya, wani ɗan Zuru kuma ya ɗaga hannu ya ce Malam, mu ba ma ciki.